Gwanda Biyu, Ba Uwa Ɗaya Ba

Ni ban taɓa shiga aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Abin da wasu ke ajiyewa a takarda, ni a ka nake ajiye nawa, har yau kuwa gara ba ta ci mini komai ba. A unguwarmu nan Suleja, in ka ga mata sun taru a tsakar gidana da hantsi ana tsinkar zogale, to ba zogalen ne ya kawo su ba. Zogale ai yana kowane shinge. Bakina suke biyowa.

Akwai abin da na riƙe tun ina yarinya, kuma a kansa maganar nan za ta tsaya. Tatsuniya daban, labari daban. Tatsuniya ta bayan cin tuwo ce. Mai yinta ta san shiryawa take yi, masu saurare ma sun sani, in an gama a ce ƙurunƙus a watse, ba a cuci kowa ba. Tun muna ƙanana aka gargaɗe mu cewa wadda ta yi tatsuniya da rana za ta ɓata a hanya. Labari kuwa abin da ya faru ne. Da rana tsaka ake ba da shi, ido cikin ido, kuma nauyinsa yana wuyan wadda ta ba da shi. Ni da rana labari nake bayarwa. Da wannan nake taƙama: na tsufa, haƙora sun fara yi mini sallama, amma ba wanda ya taɓa kama ni na sa wa tatsuniya rigar labari.

Cikin duk labaraina, wanda aka fi roƙo shi ne na Gwanda biyu. Daga Innata na gaje shi, wadda ta haife ni a wani ƙauye a bayan dutsen Zuma. Inna ba ta bar tasa ba, ba ta bar zannuwa ba. Dangin ma ba ta da su da yawa, ƙanwa ɗaya ce gare ta, wadda wani ɗan kasuwa ya aura ya kawo cikin gari, ba mu cika ganinta ba. Abin da Inna ta bar mini shi ne wannan labari, da irin muryar da take ba da shi.

Ga yadda yake. 'Yan mata biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu ana ce musu Gwanda. A daji suka tashi. Wata rana fatake suka ratsa, ƙaramar ta bi su cikin gari. Aka dasa ta a bayan ɗaki inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, ta sha ta ƙoshi, 'ya'yanta suka yi manya kamar ƙwarya. Yayar ta zauna a daji. Kowace shekara wutar mafarauta ta cinye ta, damina ta zo ta sake tohowa. 'Ya'yanta ƙanana, ba su fi ƙwan kaza ba, amma ƙamshinsu tun daga nesa yake kiran biri. Ta gari kullum tana miƙa wuya ta kan katanga ko za ta hango yayarta, shi ya sa ba ta tsaya yin rassa ba, tsawo kawai take yi. In ka sare ta za ka tarar cikinta rami ne, kewa ce ta cinye shi. Ta daji kuwa ta ƙi yin tsawo, don kada a ce ita ce ta fara leƙe. A nan Inna takan tsaya, ta kakkaɓe zanenta, ta ce, "Har yau ba su gaisa ba."

Na taɓa tambayarta, "Inna, ba kya tsoron ɓata? Rana ce fa."

Ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce. Ya faru."

Haka na karɓa, haka na yi ta bayarwa, har jikana ya zo ya zauna mini a kai.

Ɗan babban ɗana ne. Ya yi karatun tsirrai a jami'a, yanzu yana aiki a wani ɗakin gwaji a Abuja, amma a nan garin yake kwana, kullum da safe ya bi motocin haya tare da sauran masu sammakon aiki. Magidanci ne da iyalinsa, amma tsakanina da shi wasan jika da kaka bai ƙare ba. Ni ina ce masa maigida, shi yana ce mini amarya. Ran Asabar yakan shigo ya kifa turmi ya zauna, ya cinye mini kwaɗon zogale, ya ce ƙuli ya yi kaɗan.

Wata Asabar ya tarar ina tsakiyar labarin Gwanda. Ya zauna ya saurara. Yana da tarbiyya, bai ce komai ba sai da matan suka ɗauki fayafayansu suka fita.

Ya ce, "Amarya, labarin nan naki akwai daɗi. Sai dai Gwanda biyun nan ba su haɗa komai ba."

Na ce, "Ai abin da na faɗa ke nan. Ba sa gaisawa."

"Ba wannan nake nufi ba. Ba 'yan uwa ba ne. Ko kaka ba su haɗa ba, sai dai irin nisan da kowa ma ɗan uwan kowa ne."

Na ajiye faifai. Na ce, "Maigida, yunwa ce ko rana? Suna ɗaya fa. Ka fasa wannan ka ga ja-ja da 'ya'ya a ciki, ka fasa waccan ka ga haka. Wane ne ya gaya maka? Baturen da bai taɓa tsinkar gwandar daji ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Su da kansu suka gaya mini."

"Itatuwan?"

"Itatuwan."

Sai ya gyara zama ya yi mini bayani, kuma na yaba masa, don ya rage turancin nan da ke zubo wa 'yan boko daga baki. Ya ce kowane tsiro yana dafa wasu abubuwa a cikin jikinsa, wani don ya kori tsutsa, wani don akuya ta ɗanɗana ta bar shi, wani don ya kira zuma. Ya ce wannan girki ba koyonsa ake yi a maƙwabta ba, gadonsa ake yi. Abin da uwa ta iya dafawa, shi 'ya'yanta da jikokinta za su dafa, ko da sun watsu a duniya, ko da kamanninsu sun sake.

Ya ce, "Ke ba kya gane 'yar gidan wance a hannun miyarta, ko da an kai ta aure can garin Gawu?"

Na ce, "Ina ganewa mana. Tun daga daddawa."

"To aikina ke nan. Miyar itatuwa nake ɗanɗanawa, sai dai ni da inji."

Ya ce sukan shanya ganye ko saiwa a inuwa, su niƙa, su jiƙa, su tace, su ɗura wa inji ruwan. Injin ya rarrabe abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya ya zana. Ya ciro wayarsa ya nuna mini zanen. Ni ban san baƙi ba, amma na san tudu. Layi ne a kwance, can sai ya tashi tsaye kamar dutsen Zuma, ya sauko, ya yi 'yan ƙananan duwatsu, ya sake kwanciya. Ya nuna mini na gwandar gida, ya nuna mini na gwandar daji. Ƙasa biyu ce daban, inda wannan ke da dutse, waccan fili ne. Sannan ya jawo wani zane na uku ya ɗora a ƙarƙashin na gwandar gida. Babban dutsen nan yana nan, a daidai wurinsa.

Na ce, "Wannan kuma na wane ne?"

Ya nuna shingen gidana da haɓa. Ya ce, "Ga shi can kin ɗaure masa akuya."

Zogale! Na yi dariya har da tari. Gwanda mai ganye kamar faifai, da zogale mai ganye kamar farcen jariri? Wannan ta haifi ƙwarya, wancan ya haifi tsumagiya? Na ce masa injinsu ya sha rana, a kai shi Gauraka wurin makanikai su duba.

Bai yi musu ba. Ya tashi ya ɗauki fartanya, ya tono 'yar saiwar zogale kamar yatsa, ya wanke, ya kankare bayanta. Ya tsinko gwanda nunanniya a bishiyata ba tare da ya nemi izini ba, ya fasa, ya ɗebo baƙaƙen 'ya'yan nan. Ya ce, "Tauna wannan, ki kurkure baki, ki tauna wannan. Kada ki haɗiye saiwar, ba abinci ba ce."

Kada wani ya ɗauka ban san su ba. Wace uwa ce ba ta san yajin 'ya'yan gwanda ba? Saiwar zogale kuma na sha jin warinta in ana gyaran shinge. Amma kowanne na san shi ne shi kaɗai, a ranarsa, da dalilinsa. Ban taɓa zaunar da su tabarma ɗaya ba.

Na tauna 'ya'yan gwanda. Yajin ya bar harshe ya hau hanci, ido ya kawo ruwa. Na kurkure. Na ɗan ciji saiwar. Wallahi kamar ka ji murya a bayan katanga, ba ka ga mai ita ba, amma ka san ɗan gidan wane ne. Ba yajin barkono ba ne, mai zama a harshe yana ƙuna. Ba na citta ba ne, mai gangarawa maƙogwaro. Wannan sama yake bi, ya doki hanci ya wuce. Hanya ɗaya suka bi, a ƙofa ɗaya suka fita.

Na tofar, na goge ido, na ce, "Yaji dai yaji ne."

Ya ce, "Amarya, idonki ya riga ya ba da shaida."

Ban sallama da sauƙi ba, ba halina ba ne. Na ce in dai ɗanɗano ne zumunci, to maɗaci da shuwaka 'yan uwa ne, tunda dukansu ɗaci gare su. Karkashi da kuɓewa kuma uwa ɗaya, tunda dukansu yauƙi. Na zaci na kama shi. Sai na ga ya ji daɗi, kamar na ba shi tsire. Ya ce wannan tambayar ita ce ke hana su sakewa a wurin aiki. Ya ce ɗaci ba abu ɗaya ba ne, abubuwa da yawa kan kawo shi, kamar yadda hawaye kan zo don albasa ya kuma zo don mutuwa. Ba ɗacin ake tambaya ba, mai kawo ɗacin ake tambaya. Ya ce baƙi biyu suna iya dacewa a girki ɗaya ba tare da sun haɗa jini ba, shi ya sa ba sa yanke hukunci da shaida guda. Sai sun dubi fure, sun dubi abin da ke cikin jiki, sun kuma dubi ƙwayar gado da ke cikin iri, in bakinsu ya zo ɗaya sannan su ce dangi ne.

Ya ce, "Karkashi ɗan gidan riɗi ne. Ki tuna furensa."

Na tuna. Na noma su duka biyun a bayan ɗakin Inna. Furen nan mai kama da ƙaramar ƙararrawa a sunkuye, iri ɗaya ne. Ban ce masa na tuna ba. Na ce ya tashi ya ba ni turmina.

Da ya tafi na zauna ina kallon bishiyar gwandata da wuyanta a kan katanga. Ba batun itace ne ya dame ni ba. Itace ya zama ɗan uwan wanda ya ga dama. Abin da ya tsaya mini shi ne, in ba 'yan uwa ba ne, to labarin Inna bai faru ba. In bai faru ba, tatsuniya ce. Ke nan tun ina budurwa nake tatsuniya da rana, a gaban mata, da sunan gaskiya. Wannan ma da sauƙi. Mai nauyin shi ne Inna, matar da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ta dube ni ta ce ya faru.

Na nemi mai taya ni. Akwai maƙwabciyata, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, Kirista, mutuniyar kudancin Kaduna. Mun daɗe muna miƙa wa juna abinci ta kan katanga, ita ta Kirsimeti, ni na Salla. Ita ma a ƙauye ta tashi, ta san daji. Na leƙa na ce, "Maman 'yan biyu, tsakaninki da Allah, gwanda da gwandar daji ba 'yan uwa ba ne?"

Ta ce, "Mama, wace ce gwandar daji?"

Na kwatanta mata. Ta tafa hannu ta ce, "Au, wannan! Mun sha ta a wurin kiwo." Ta faɗi sunanta da yarensu, ta faɗi na gwandar gida. Ko kusa ba su yi kama ba. Ta ce, "Mu ba mu taɓa haɗa su ba. Ku Hausawa ne kuka ɗaura musu zumunci."

Na koma ɗaki da abin da ya fi wanda na fito da shi nauyi. Ashe a bakinmu kaɗai suke 'yan uwa.

Na daina ba da labarin. In an roƙa, na ce maƙogwaro, ko na kawo na shekarar da fari suka sauka a gonakin bayan dutse. Wata tsohuwar ƙawata, wadda muka yi zaman unguwa tun muna amare, ta ce, "Ke, lafiya? Ko Gwandar taki ta mutu ne ba ki gaya mana mu zo gaisuwa ba?" Aka yi dariya, na taya su. Na yi tunanin in mayar da shi tatsuniya, in riƙa yi wa jikoki bayan cin tuwo, in rufe da ƙurunƙus. Bakina ya ƙi. Kamar in ɗauki Inna in zaunar da ita cikin yara ne.

Ana nan damina ta kankama, jikana ya shigo yana sosa ƙeya. Ya ce yana bukatar ganyen gwandar daji ɗanye don aikinsa, ya zaga bai samu ba, duk inda aka kwatanta masa sai ya tarar an yi ginin bulo a wurin.

Na ce, "Injin bai gaya maka inda take ba?"

Ya ce, "Sori, amarya. Injin sai an kai masa."

"To nemo mota. Ba na hawa babur da tsufana."

Ya aro motar abokinsa. Muka bi babban titi, muka wuce Gauraka da hayaƙin masu gasa masara, muka saki kwalta muka zaga bayan dutse. Ƙauyenmu ban gane shi ba, sai da na ga tsamiyar bakin rafi. Na ce ya tsaya. Na san gwandar daji ba ta son gindin manyan itatuwa, ta fi son saura, gonar da aka bari ta huta. Muka gaisa da wani manomi yana ciyawa, ya ce mu shiga. A can gefen gonarsa, inda garma ba ta kai ba, na hango ta. Gajera kamar yadda na bar ta, ganyen nan masu faɗi da ɗan toka-toka, gindinta baƙi da tabon wutar bara.

Na tsinki ganye na murje a tafin hannu na shinshina. Jikana ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu ya miƙo mini. Kimba ce, irin wadda nake dakawa a yajin masu jego.

Ya ce, "Karya ki shinshina. Tun da kika yi fushi da ni na raba ta da ƙanwa, na ce bari in kawo mata danginta na gaskiya."

Na karya. Ba zan ce ƙamshinsu ɗaya sak ba, kimba ta fi faɗa. Amma a ƙarƙashi akwai wani abu da suka haɗa, kamar 'yan uwan da ɗaya ya tashi a kurmi ɗaya a nan. Shi ma ya ce a wannan kam hanci kaɗai ba ya isa, amma fure da inji da ƙwayar gado duk sun ce gida ɗaya ne. Na ji wani sanyi. Ashe ba marainiya ba ce. Danginta suna zuwa cikin buhu daga kudu, har cikin ɗakin girkina suke kwana, ban sani ba.

Na ce, "To ita ta gidan, daga ina ta samo sunan?"

Ya ce baƙuwa ce, daga ƙetaren teku aka kawo ta, zogale ma baƙo ne daga wata nahiyar. Ya ce a zatonsa ta daji ce mai sunan tun asali, da baƙuwar ta zo aka ga ta ɗan yi kama da ita sai aka ara mata. Nan take na tuna tsofaffin ƙauyenmu ba sa cewa gwandar daji. Gwanda kawai suke cewa. Ta gidan ce suke ƙara wa wutsiya, su ce gwandar Masar.

Na ce, "Kai, wannan ai mu aka yi wa."

Ya ce, "Su wa?"

"Mu mutanen garin nan. Da wane suna aka san garinmu lokacin da aka kawo ni aure? Ba Abuja ba? Aka gina sabon birni aka ɗauki sunan aka ba shi, ya yi tsawo ya yi ƙiba, yanzu in ka ce Abuja ba wanda zai waiwayo nan. Mu masu sunan mu ne muka koma neman wani."

Ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ce, "To ke ma gwandar daji ce."

Na ce, "Da ƙamshina kuwa."

Yana yankar ganye yana jerawa a takarda, ni kuma na ɗaga wani reshe na ga ɗa guda nunanne da tsuntsu bai riga ni ba. Na ɓare na sa a baki. Rabona da shi tun ƙafata tana zuwa itace. Zaƙin nan da ƙamshin nan suka buɗe mini wata rana da na daɗe ban shiga ba.

Ina yarinya, ban kai ɗaukar tulu ba. Inna ta cika 'yar ƙwarya da gwandar daji, ta rufe da ganye, ta kama hannuna muka taka har cikin gari wurin ƙanwarta. Mun tarar da baƙi, dangin mijin ne, mata masu awarwaro. Ƙanwar Inna ta fito da takalmi a ƙafa. Ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ba a ɗaki ba. Ɗaya daga cikin baƙin ta leƙo ta ce wace ce, sai na ji ta ce, "Wata 'yar garinmu ce." Ta karɓi ƙwaryar ta ajiye a bayan ƙofa, ko buɗewa ba ta yi ba. Da za mu tafi ta sa aka tsinko mana wata ƙatuwar gwanda a bayan ɗakinta. Inna ta ce mun gode, kaya zai yi mana nauyi.

Mun fito muna tafiya, Inna ta ce, "Kada ki waiwaya." Yaro kuwa in ka ce kada ya waiwaya ka aike shi ne. Na waiwaya. Na ga kan ƙanwar Inna a saman katanga. Katangar ta fi ta tsawo, lalle wani abu ta taka, turmi ko tukunya. Ta miƙa wuya tana bin mu da ido. Inna ba ta juya ba har muka sha kwana. Ban sake ganinsu wuri ɗaya ba. Kuma da na lissafa a raina, kafin wannan tafiya ban taɓa jin labarin Gwanda biyu ba. Bayanta ya fara.

Na zauna a kan kunyar gona da ɓawon a hannuna. Jikana ya ce, "Amarya, ƙafar ce?"

Na ce, "A'a. Aikinka nake yi."

Shekara da shekaru ina kallon labarin nan ta ganyensa da sunansa, kamar yadda nake kallon itatuwan. Ban taɓa tauna shi na ji abin da aka dafa a ciki ba. Inna ba ta da bakin da za ta ce ƙanwata ta yi kunyata a gaban mutane, kuma ina kewarta, kuma ba zan fara zuwa ba. Matan zamaninsu ba sa faɗin haka, ko ga 'ya'yansu. Sai ta samu itatuwa biyu masu suna ɗaya ta rataya musu. A kan itatuwan ta yi kuskure, kuskuren da duk mai jin Hausa zai yi. A kan abin da ya faru kuwa ba ta ƙara ko gishiri ba.

Ban gaya wa jikana a ranar ba. Ya kwashe ganyensa ya sa a mota, muka dawo gida.

Asabar da ta biyo, mata suka taru. Kafin kowa ta roƙa na sa aka fasa gwanda, na kankare saiwar zogale, na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce a tauna a tofar. Tsakar gida ta cika da tari da atishawa. Tsohuwar ƙawata tana share hawaye ta ce, "Mun yi miki laifi ne?"

Na ce, "Kun ji hanyar da ya bi? To wannan da wannan su ne 'yan uwa. Gwandar gida takwarar ta daji ce kawai. Baƙuwa ce aka sauke aka ba ta sunan 'yar gida, kamar dankali da dankalin turawa. Ta dajin danginta su kimba ne."

"Inji wa?"

"Inji maigidana da injinsa, da hancina, da naku yanzu."

Jikana yana kan turminsa, ya ɗaga hannu kamar an kira shi a taro.

Ƙawata ta ce, "To shi ke nan, labarin ya mutu? Ni fa saboda wuyan nan da take miƙawa nake zuwa."

Na ce, "Wuyan yana nan. Zauna."

Na jawo faifaina na fara. Na ce, 'yan mata biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a wani ƙauye a bayan dutsen Zuma. Babbar ita ce ta haife ni. Na ba da shi duka, da ƙwaryar da ba a buɗe ba, da tabarmar zaure, da kan da na gani a saman katanga. Hannuwa suka tsaya da tsinka. Ba a yi dariyar da aka saba yi a wurin biri ba, don babu biri a wannan. Da na kai ƙarshe na ji hannuna yana kakkaɓe zane da kansa, na ce, "Har suka koma ga Allah ba su gaisa ba."

Can wata matashiya da ke haya a gidan gaba, wadda na san ba ta shiri da yayarta, ta tashi ta ce ta bar wuta a murhu. Jikana bai taɓa kwaɗonsa ba. Ya ce, "Ba ki taɓa gaya mana ba."

Na ce, "Kullum ina gaya muku. Ni ma ban ji ba ne."

Yanzu in na gama wanke-wanke nakan raba ruwan biyu, rabi ga gwanda, rabi ga zogale, akuyar ma na sake mata turke. Tunda baƙi ne su biyu kuma 'yan uwa, bai kamata ɗaya ta sha ɗaya yana kallo ba. Labarin kuwa ya ɗan yi nauyi a baki fiye da da, ba kullum nake iya ɗaukarsa ba. Amma ran nan da hantsi na ba da shi, rana tana tsakar gida, daga baya na ɗauki mayafina na tafi kasuwa sayen kimba, na dawo gida ban ɓata ba.